Katin da Ba Shi da Fayil

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka kawo mana ita. 'Yar siririya ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta shigo ofishin rajista da kwali cike da katuna, ko kujera ba ta nema ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, ka ba ni aron bangon nan." Na ce bango na gwamnati ne, ta ɗauka. Kafin azahar ta sa an sauke tsofaffin kalandu, ta ja layuka da baƙin salatif, ta raba bangon gida biyar: Ya shigo, Rajista, Sama, Sa hannu, An gama. Sama shi ne ofisoshin bene, inda ake duba takardu. Dogo, mataimakina, har ya raɗa mata suna Mai Kati.

Aikinmu a nan shi ne takardun malaman makaranta masu neman a canja musu wurin aiki. Tun rigimar da aka yi da masu jiran takardu a bakin ƙofa watan jiya, wadda ba na son tunawa, manya suka ba da umarni: cikin kwana talatin na aiki a share duk takardun da suka kwanta, a fitar da jerin waɗanda za a canja wa wuri bana. Ita aka turo ta ja ragamar aikin.

Shekarata talatin da uku a ɗakin nan, saura wata biyar in yi ritaya, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba. Na ga kwamitin gyara har huɗu. Kowanne ya zo da taro da lemo, ya tafi ya bar mana littafi mai kauri da muke tokare taga da shi. Wannan ma in gani a ƙasa.

Kafin in tashi na taɓa durowar ƙasa. A kulle take.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ban taɓa ganin irin abin da na gani yau ba. Ta zo da ƙullin jan zare irin na saƙa, ta ɗauki fayil guda, ta ce za mu bi sawunsa tun daga tagar karɓa har inda ake sa masa hannu. Duk teburin da ya tsaya sai ta naɗa zaren a ƙafar teburin, ta tambayi mai shi: me kake yi masa, kuma minti nawa yake ɗaukarka? Muka hau bene, muka sauko, muka sake hawa. Zaren ya ƙare a kan matakala, sai da aka ƙullo wani. Tebur goma sha bakwai. Darakta da kansa sai da ya tattare riga ya tsallaka.

Sai ta tara mintocin a gabanmu. Hamsin da biyu. Duk aikin da hannun mutum yake yi wa fayil ɗaya bai kai awa guda ba, amma a littafina babu wanda ya taɓa fita ƙasa da wata bakwai. Sauran duk zama ne. Shekara talatin da uku ina cikin abu ban san siffarsa ba, yarinya ta nuna mini da zaren saƙa.

Tebur huɗu daga ciki aikinsu kawai su sa hannu cewa na gabansu ya sa hannu. Ta tambaya wa ya kafa haka. Ni kaɗai na sani: wani darakta ne tun Dogo yana firamare, ya yi faɗa da mataimakinsa ya daina yarda da sa hannunsa. Su biyun duk sun rasu, mu muna nan muna riƙe musu faɗan. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta rubuta.

Alhamis, tsakar rana

Tebur goma sha bakwai sun koma shida. Ba a kori kowa ba. Ikon Allah.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka yi katuna. Ina karanto lambobi daga babban littafin rajista, Dogo yana rubutawa, ita tana mannawa. Duk takardar da ta shigo ba ta fita ba, kati guda. Ɗari shida da goma sha biyu. Bango ya cika har sai da aka hau kujera.

A shafi na tamanin da ɗaya na ga lambar. Da na tsallake ta babu wanda zai sani, littafin a hannuna yake. Bakina ya karanta kafin zuciyata ta gama shawara. Dogo ya ce, "Wannan ai na Malama ne, mai zuwa duk ƙarshen wata. Yana sama." Aka manna shi a gidan Sama.

Ba ya sama. Bari in rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Shekara huɗu da suka wuce, ranar da aiki ya sha kaina, na haɗa fayil ɗinta da na wani malami da ya yi ritaya, na ɗaure su da igiya ɗaya, aka kai ɗakin ajiya. Sai bayan wata goma sha huɗu na gan shi, ina neman wani abu daban. A lokacin na riga na ce mata "yana sama" sau goma sha huɗu, kuma har ga Allah haka na ɗauka. Kowane fayil yana da takardar tafiya a bangonsa, inda ake rubuta ranar da ya bar kowane tebur, nata kuwa zai nuna a hannuna ya kwana. Na sa shi a durowar ƙasa da niyyar ranar Litinin in san dabarar da zan yi. Litinin ɗin ce ba ta zo ba har yau. Wasiƙar da ke ciki ma layin farko kawai na taɓa karantawa.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Sabon salo: kowace safiya ƙarfe takwas da kwata kowa ya hallara gaban bango, a tsaye, minti goma sha biyar. Darakta ya shigo yana waige-waigen kujera. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in aka zauna sai a fara jawabi." Ya tsaya! Mutumin da sai na yi masa sallama uku kafin ya ɗago kai, ga shi kafaɗa da kafaɗa da mai buga takardu.

Tambaya uku take yi wa kowa: me ka gama jiya, me za ka gama yau, me ya tsayar da kai. Kuma kada kowa ya riƙe fayil fiye da uku, sai ka saki ɗaya ka ɗauki wani. Dogo ya ce, "To ni da me zan ɓuya in baƙi sun zo? Tulin nan shi ne katangata." Aka kwashe da dariya.

Wani daga sama ya fara cewa ai laifin rajista ne. Ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, ba na tambayar wa ya riƙe. Me ya riƙe nake tambaya." Na yi ta juya maganar nan a raina.

Laraba, bayan an tashi

Kati arba'in da ɗaya suka shiga gidan An gama yau. A da wata guda ba ma fitar da arba'in. Mutanen dai su ne, teburan su ne, fankar ma ita ce mai ƙarar nan. Na tsaya ni kaɗai a gaban bangon. Da ido ake ganin aikin yana tafiya daga hagu zuwa dama, kamar ruwa a kwata in an cire shara. Wani kwarjini ya kama ni, na rasa ko murna ce ko tsoro.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

An gama haɗa kowane kati da fayil ɗinsa. Ɗari shida da goma sha ɗaya. Mutanen sama sun juye kabad-kabad ɗinsu, sun ce na Malama, wanda ya rage, bai taɓa zuwa musu ba. Mai Kati ta cire katin, ta ja wani ɗan gida a kusurwar bango, daidai saitin teburina, ta rubuta "Ba a gani ba". Ta ce duk safiyar da ya kwana a nan za ta ɗiga masa jan ɗigo. Shi kaɗai ne a ciki.

Asabar, bayan la'asar

Uwar yara ta tsinci makullin durowa a aljihun rigar da za ta wanke. Ban san lokacin da na tashi na fizge shi ba. Ta bi ni da kallo.

"Malam, lafiya? Shekara talatin ina tsintar makullan ofis a aljihunka, ban taɓa ganin ka yi tsalle ba, kai da gwiwa take hana ka ruku'u."

Na hau ba ta labarin bango da zare da Darakta a tsaye, don in kau da zancen. Ta saurara tsaf, ta ce, "To ai abin kirki ne. Me ya sa kake faɗarsa kamar mai sanar da rasuwa?" Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Na zo kafin kowa. Na fito da shi. Bangonsa ya yi laushi, igiyar ta bar masa shaida a tsakiya. Dabarata in zura shi bayan kabad na uku, gobe in sa a ja kabad ɗin a tsince shi. Da na isa sai na ga 'yar takarda manne a jiki: an duba ciki da sama da ƙasa da baya, ga rana, ga sa hannun wanda ya duba. Na zagaya, kowane kabad da tasa. Ɗakin ajiya ma haka. Na ukun Dogo ne ya sa hannu. In aka tsince shi a nan, Dogo ya zama maƙaryaci.

Wallahi sai na ji ina jinjina wa Mai Kati. Ba ni take nema ba, amma ko ramin ɓera ba ta bari ba a ginin nan. Wuri ɗaya ne ba a manna wa takarda ba. Ranar da aka zo kansa Dogo ya ce, "Haba, teburin Baba?" aka wuce.

Na mayar da shi. Na kulle.

Alhamis, da safe

Ɗigo huɗu.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Malama ta zo. Yini guda take yi a mota daga inda take koyarwa, ta kwana gidan yayarta a nan gari, da safe ta zo mana. Kullum da jakarta da ta ɗinke wa igiya da zare, kullum sai ta tambayi gwiwata kafin ta tambayi takardarta.

Yanzu ba a tsayawa a taga. Mai Kati ta sa an buɗe ƙofa, duk mai takarda ya shigo ya nemi lambarsa da idonsa. Wani dattijo da ya ga tasa a gidan An gama sai ya cire hula ya rufe fuska da ita. Malama ta fara da gidan Sama, ta bi shi da yatsa har sau biyu. Sannan ta hango katinta a kusurwa, da ɗigo takwas.

"Baba, ashe ba ya sama?"

Na ce, "Ana nema, Malama."

"Allah ya saka da alheri. Na san kana ƙoƙari."

Mai Kati ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye, ina ji. Za ta iya rubuta sabuwa yau, amma jerin canjin wuri yana bin ranar da aka buga wa takarda hatimi ne, kuma doka ta ce sai an ga hatimin, littafi kaɗai bai isa ba. In aka sami tsohuwar kafin kwana na talatin, ita ce ta farko a jerin bana. In ba a samu ba, sabuwar za ta bi layi daga ƙarshe, sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Malama ta ce za ta jira. Mai Kati ta rubuta lambar wayarta a bayan katin.

Tsakanin gwiwata da fayil ɗin bai kai taƙi ɗaya ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Saura kati tamanin da 'yan kai. Duk Juma'a Mai Kati takan tara mu ta tambaya me muka koya a satin, me za mu daina yi, ta rubuta a wani littafi da ta ce na waɗanda za su zo bayanmu ne. Yau mai buga takardu, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta ce a daina buga wasiƙa kwafi biyar tunda huɗu shara suke zuwa. Darakta ya ce an daina. Shi kenan! Abin da a da sai an kafa masa kwamiti.

Da za ta tafi ta tsaya a teburina. "Baba, ba don kai ba da har yanzu lalube nake yi. Na sa sunanka a rahoto, na ce a ba ka takardar yabo kafin ritaya." Na ce Allah ya yi albarka. Ta dafa teburin tana kallon katin nan. "Wannan kaɗai ya tsaya mini a rai. Mutum ce fa, Baba, tana can tana jira."

Ina ganin ba ta sani ba. Da ta sani da ya fi mini sauƙi.

Talata, da safe

Ɗigo goma sha biyu. Na juya kujerata ta kalli taga. Dabarar ba ta yi magani ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Darakta ya kira ni. Ya sa an binciko tsohon littafin kai fayil sama. Ranar da na yi kuskuren nan, fayil ashirin aka rubuta an tura, har da na Malama. Ni na rubuta, Dogo ya sa hannu ya ɗauka. Na san bai ƙirga ba, ba ya ƙirga abin da na miƙa masa. Darakta ya ce rahoto ba zai je wa manya da rami ba sai da sunan wanda ya haƙa. Litinin zai ba Dogo takardar tuhuma, kuma kujerata da yake jiran gado sai dai wani. Mai Kati ta ce ba ta yarda ba, ya ce bango nata ne, ma'aikata nasa. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Abin da na ce kenan.

Da na sauko na tarar Dogo ya ajiye mini shayi, ya rufe kofin da takarda kada ya huce.

Lahadi, da hantsi

Na gaya wa uwar yara. Tana tsince shinkafa a tire, hannunta ya tsaya.

"Shekara nawa?"

"Huɗu. Kusan uku da sanina."

"Kuma duk wata tana zuwa kana kallon idonta?"

Na ce e.

Ta zubar da shinkafar da ke hannunta cikin tiren. Sannan ta ce, "Ni na ɗauka ciwo kake ɓoye mini, har na fara tambayar asibiti. Da ma ciwon ne." Na ce saura wata huɗu in fita da mutuncina, ga takardar yabo. Ta ce, "A bangon wa za ka rataye ta? Ba dai a ɗakina ba." Ta ture tiren ta tashi. Na ji ta a ciki tana jan akwati, ta fito da farar rigata.

"Zan goge maka wannan. In za a tsige mutum, a tsige shi da tsabta."

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Bari in rubuta.

An tsaya kamar kullum. Darakta yana riƙe da ambulan, na san ta Dogo ce. Layi ya zo kaina. Abin da na gama, na faɗa. Abin da zan gama, na faɗa. Mai Kati ta ce, "Me ya tsayar da kai, Baba?" Na koma teburina, na durƙusa da gwiwar nan, na buɗe, na dawo na ɗora mata shi a hannu. Na ce, "Kin ce ba kya tambayar wa. To wannan ni ne." Na faɗi komai: igiyar, wata goma sha huɗu, durowar. Ban kalli Dogo ba.

Darakta ya buɗe baki, ta riga shi. Ta duba agogo. "Saura minti shida. Ranka ya daɗe, maganar Baba taka ce, bayan taro. Yanzu ga fayil. Wa yake da gurbi?" Dogo ya ɗaga hannu.

Na tsaya ina kallon katin yana tafiya. Dogo ya cire shi daga kusurwa ya mayar gidan Rajista. Bayan minti goma ya haura. Mutumin sama ya sauko da kansa ya matsar da shi. Darakta ko zama bai yi ba, a kan kabad ya sa hannu. Ƙarfe tara da kwata ya shiga An gama, da ɗigonsa goma sha biyar. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro a lokaci guda kamar wannan ba. Ashe abin da ake buƙata kenan, duk tsawon shekarun nan.

Da azahar aka kawo mini tawa takardar tuhumar. Ambulan ɗin dai ita ce, suna aka canja.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Babu shayi. Na je teburin Dogo na ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce, "Baba, sati biyu fa ina gaya wa matata ƙila ni na yar da shi." Ya ci gaba da aikinsa. Ya yi daidai.

Mai Kati ta zo da kanta ta ce, "Na cire sunanka daga yabo, Baba. Amma na rubuta cewa kai ka fito da shi." Na ga ta ƙara layi a littafin na baya: a riƙa duba kowane tebur, har da na manya. Ta kira Malama ta ce an samu, ba ta ce a ina ba. Na roƙa a bar ni in miƙa mata takardar da hannuna. Ta ce, "In za ka gaya mata gaskiya."

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Kwana na talatin. Gida huɗu na bango fes suke, ko kati ɗaya babu. An liƙa jerin a ƙofa, Malama ce ta farko, an dawo da ita makarantar cikin gari.

Ta shigo da fara'a, ta tambayi gwiwata. Na ce ta zauna. Na gaya mata. Ba ta katse ni ba, fara'ar ce dai ta tafi a hankali. Da na gama ta daɗe tana kallon durowar.

"A nan?"

"A nan."

"Duk zuwan da nake yi?"

"Tun daga na goma sha biyar."

"Baba, ka taɓa karanta abin da na rubuta?"

Na ce layin farko. Ta jawo fayil ɗin, ta buɗe, ta juyo mini da shi.

"Karanta. Da ƙarfi, ina so in ji."

Na karanta. Rubutu ne mai tsabta, irin na masu koyar da 'yan aji ɗaya. Ta ce tana da ɗa ɗan shekara ɗaya da wata biyu, yana da ciwon da sai an kai shi asibiti duk mako, inda aka tura ta kuwa babu asibiti. Ta bar shi wurin yayarta a gari. Tana roƙon a dawo da ita kusa, ko makarantar bayan gari ce, ko da za a ƙara mata aji. Ta ce ta san aiki ya yi wa ofis yawa, ba ta son ta takura wa kowa. Daga nan na rufe fayil ɗin.

Ta karɓi takardar canjin, ta ninke ta biyu, ta sa a jaka. Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni. Ban taɓa ganin ɗan Adam ya riƙe kansa haka ba, sai na ji na ƙanƙance a kan kujerar. Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta ce, "Ba yau ba, Baba."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta ga tambayar da na kasa yi.

"Yana da rai. Ya warke, bana zai shiga makaranta." Ta gyara igiyar jakarta a kafaɗa. "Anti yake ce mini."